Daga Shika zuwa aji: wa zai kama wa malamin yara masu buƙata ta musamman?

Duk ranar 3 ga Disamba, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa nakasassu, akan yi taro a raba kekunan guragu da sanduna da buhunan abinci. Wanda aka ba keke ya san amfaninsa, kuma Allah ya saka wa masu bayarwa. Sai dai akwai wanda ba a cika tunawa da shi a wurin taron ba: malamin da zai karɓi yaron nan washegari da safe, ya zaunar da shi, ya koya masa riƙe fensir, ya raka shi bayan gida idan ta kama. A Zariya wannan malami shi kaɗai yake ɗaukar aikin mutum uku, alhali masu gashin ƙashi da masu gyaran magana da masu gwajin ji, waɗanda ya kamata su kama masa, suna can asibiti, ba abin da ya haɗa su da makaranta.

Doka tana bayansa. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu wariya. Yawancin mutane maganar matakala da ƙofofin gine-gine suka riƙe daga cikinta, amma ta wuce nan. Ta ce makarantun gwamnati, daga firamare har jami'a, su zama na kowa, kowace makaranta ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don kula da karatun masu buƙata ta musamman, da kayan aikin da suka dace, kuma rubutun makafi da maganar hannu su shiga manhaja. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2021. To amma ma'aikaci ɗaya, a firamaren da ajinta ya cika maƙil har wasu yaran na zaune a ƙasa, me zai iya?

Yaran kuwa suna nan, ko an kawo su makaranta ko an ɓoye su a ƙuryar ɗaki. Sanƙarau kan tafi ya bar yaro ba ji, kuma mutanen Arewa ba su manta da annobar 1996 ba. Kunnen da ya daɗe yana zubar da ruwa ba a kula ba shi ma yana kashe ji a hankali. Doguwar naƙuda da shawarar jarirai da aka yi jinkirin kai wa asibiti suna taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi gaɓoɓinsa a sandare. An bayyana Afirka ta rabu da asalin cutar shan inna a Agustan 2020, amma sauran hanyoyin nakasar ba su toshe ba.

A duba abin da ke faruwa a aji. Yaro mai sandararrun gaɓoɓi, idan aka ɗora shi a benci marar majingini, ƙafafunsa na lilo, duk ƙarfinsa zai ƙare ne wajen hana kansa faɗuwa. Ba zai iya kallon allo ba, balle rubutu, sai a ce ba ya ganewa. Mai gashin ƙashi zai auna shi cikin ɗan lokaci: tsayin kujera yadda tafin ƙafa zai taka ƙasa, majingini a baya da gefe, ɗamara a ƙugu, tebur daidai gwiwar hannu. Kafinta a Sabon Gari zai iya haɗa wannan kujera da katako da soso idan an ba shi awo. Fensir ma, a naɗe shi da roba ya yi kauri, sai hannun da ba ya iya matsewa ya riƙe. Haka yarinyar da ke sa na'urar ji. Batirinta na ƙarewa cikin kwanaki, robar da ke shiga kunne na yi mata kaɗan idan ta girma, na'urar ta riƙa fito. Malamin da ba a nuna wa ba zai ga abu a kunnenta ya ɗauka tana ji, ya juya baya yana rubutu a allo yana magana, ita kuwa leɓensa take karantawa. Duk waɗannan ba ilimi ne mai zurfi ba, amma sai wanda ya sani ya tsaya a cikin ajin ya nuna.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne Zariya ba garin da zai yi kukan rashin masana ba ne. Jami'ar Ahmadu Bello tana nan tun 1962, asibitin koyarwarta na Shika yana da sashen gashin ƙashi da na kunne da hanci da maƙogwaro. A Kaduna akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa da cibiyar ido ta ƙasa. Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos suna yaye malaman ilimi na musamman, haka kwalejin tarayya da ke Oyo da aka buɗe a 1977 don wannan aiki. Ga ruwa a rijiya, guga ne babu. Tsarin da muke bi yanzu shi ne uwa ta goya yaro ɗan shekara bakwai daga cikin birni ko Tudun Wada, ta hau Keke Napep zuwa Kwangila, ta sake wata motar zuwa Shika, ta bi layi, a yi masa gashi, a ce ta dawo. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya fi ƙarfin iyaye da yawa. Ranar asibiti kuma ranar fashin makaranta ce, kuma abin da likita ya faɗa wa uwar ba ya isa kunnen malami.

Shawarata ita ce a juya tafiyar. Hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, wato SUBEB, da sassan ilimi na ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari su zauna da asibitin koyarwa da ma'aikatar lafiya, a zaɓi wasu firamare su zama cibiyoyi, kowace ta riƙe makarantun da ke kewaye da ita. Rana ɗaya a mako ƙwararre ya je, ya ga yara a inda suke karatu, ya rubuta wa kowane yaro kati mai sauƙi da Hausa: yadda za a zaunar da shi, motsa jikin da za a yi masa kullum, abin da za a lura da shi. Masu gashin ƙashi da ke hidimar ƙasa za su iya shiga wannan zagaye ƙarƙashin kulawar manyansu. A biya kuɗin motarsu a kan lokaci, don da yawan shirye-shirye masu kyau a nan suke mutuwa.

Za a ce asibitin kansa ba shi da isassun ma'aikata, masu gyaran magana ba su da yawa a ƙasar baki ɗaya, wasu kuma sun tafi Ingila da Saudiyya. Gaskiya ne. Amma ƙarancin nan shi ne hujjar. Ƙwararren da ke zaune a ɗakinsa yaro ɗaya yake gani a lokaci ɗaya, wanda kuwa ya koya wa malama da uwa ya bar hannuwan da za su ci gaba da aikin sauran kwanakin mako. Maganar kuɗi kuma, dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don ilimin bai ɗaya, kuma a rabon da hukumar ilimin bai ɗaya ta tarayya, wato UBEC, ke yi akwai kason ilimi na musamman. Iyaye na da haƙƙin tambayar SUBEB nawa ya iso Zariya, kuma me aka saya da shi.

Sannan a bar malamin a kan aikin da ya karanta. Yakan faru mutum ya gama digiri a ilimin kurame, a tura shi koyar da lissafi a aji huɗu don cike gurbi, ko a yi masa canjin makaranta a tsakiyar zango, yaran da suka fara sabawa da hannunsa su koma farko. A tattara sunayen masu wannan horo a ƙananan hukumomin biyu, a ajiye su inda yaran suke, a ba su alawus na musamman. A kuma ɗaukar musu mataimaka daga unguwa. Matan da suka gama sakandare za su iya ciyarwa da ɗagawa da raka yara bayan gida, don malamar da ke ɗaga yaro kullum ita kaɗai bayanta ba zai daɗe ba. Manyan kurame da suka iya maganar hannu su ne mataimakan da suka fi dacewa da ajin kurame, kuma aiki ne gare su.

Masu hannu da shuni da kwamitocin makarantu na da nasu kason, kuma ba sai sun jira gwamnati ba. Allon rubutun makafi da tsinkensa, takarda mai kauri, batirin na'urar ji, kuɗin gyaran keke wurin mai walda, ba su da tsada idan aka raba, amma duk wata ake buƙatarsu. Mai son sadaka mai gudana ya ɗauki nauyin batirin makaranta guda na shekara. Hakimai da masu unguwanni su taimaka wajen gano gidajen da aka ɓoye yara, limamai su faɗa wa iyaye cewa addu'a ba ta hana kai yaro gwajin ji.

Kafin a kammala kasafin kuɗin jiha na gaba, 'yan majalisar da ke wakiltar Zariya da Sabon Gari su nemi a sa layi guda a rubuce: albashin mataimakan aji, alawus na malaman ilimi na musamman, da kuɗin zagayen ƙwararru daga Shika zuwa makarantu.