A ina ka samo wannan magana?

Wata biyu da suka wuce, ranar wata Asabar bayan La'asar, ɗan yayana ya iske ni a gida a Agege da jaka a kafaɗa. Muka gaisa, ya zauna a kan tabarma, ya ciro wani kundi mai kauri ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce, "Baffa, don Allah ka duba mini. Saura mako uku mu kare shi a gaban malamai."

Yana ajin ƙarshe a fannin harkokin kasuwanci a wata jami'a a nan Legas. Batun kundin shi ne yadda ƙarfafa gwiwar ma'aikata ke shafar ƙwazonsu a banki. Shafi saba'in da wani abu, babi biyar cif, Turanci sumul ba tuntuɓe. Na buɗe babi na biyu, na ɗora yatsa a kan wani sakin layi, na ce ya karanta mini. Ya karanta ba gargada. Na ce to yanzu faɗa mini abin da yake nufi da Hausa. Ya fara, ya tsaya, ya sake farawa, ya yi shiru. Na juya babi na huɗu, inda aka rubuta cewa ya raba takardun tambayoyi 120 ga ma'aikatan banki. Na ce, "Wane reshe ka je?" Ya sunkuyar da kai yana jan zaren gefen tabarma. Can ya ce, "Baffa, a shagon kwamfuta aka haɗa mini. Kowa ma haka yake yi."

Kuɗin kuwa mahaifinsa ne ya bayar, mutumin da ya fi shekara ashirin yana sayar da albasa a kasuwar Mile 12. An ce masa kuɗin furojek ne, ya ƙirga ya bayar da farin ciki, har yana gaya wa abokan sana'a cewa ɗansa ya kusa gamawa.

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Amma kafin in buɗe baki da faɗa sai na yi masa tambaya ɗaya: a shekarun nan da ka yi a jami'a, sau nawa ka rubuta wani abu da kanka, ko shafi biyu ne, malami ya karanta, ya yi masa jan biro, ya dawo maka da shi ya ce ka gyara ka sake kawowa? Ya yi tunani sosai. Ya ce ko sau ɗaya. Aikin gida ana bayarwa, a haɗa a kai wa wakilin aji, daga nan ba a sake ganin takardar, sai dai maki ya fito a ƙarshen zango.

Wannan amsar ce ta sa nake wannan rubutu. Sayen kundi ha'inci ne, kuma na gaya masa haka ido da ido. Sai dai mu ji tsoron Allah mu faɗi ɗaya gefen: muna neman ɗalibi ya yi, a cikin wata uku ko huɗu, abin da ba mu taɓa koya masa ba a shekara huɗu. A aji ɗaya ana yin darasin Turanci na gama-gari, ɗaruruwan ɗalibai a zaure guda, wasu a tsaye a bakin taga. Galibi a aji uku a yi darasin hanyoyin bincike, a haddace ma'anar kalmomi, a rubuta jarrabawa, a manta. Sai a ajin ƙarshe a ce wa yaro ya kawo batutuwa uku a zaɓar masa ɗaya, ya je ya rubuto babi biyar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai taɓa rubuta shafi uku masu ma'ana ba, ta yaya zai rubuta saba'in? Shagunan da ke zagaye da manyan makarantu sun gane wannan giɓi, shi ya sa kasuwarsu ke ci.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ɗanmu Bahaushe bai kamata a ce wannan ilimi baƙo ne a wurinsa ba. Duk wanda ya zauna a makarantar zaure ya san idan ka kawo magana a gaban malam, abu na farko da zai ce shi ne, "A wane littafi ka gani? Wa ya faɗa?" Yaron nan da kansa ya yi Islamiyya a nan Agege, ya san ba a karɓar hadisi sai an san wanda ya ruwaito shi, daga wa ya ji, shi kuma daga wa. Abdullahi ɗan Mubarak ya ce isnadi yana daga addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Malamanmu na Sakkwato, Shehu Usmanu da ƙaninsa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, idan suka ɗauko maganar wani malami a rubutunsu sukan ambaci mai ita da littafin da take ciki, su kuma nuna inda ta ƙare, don kada a gauraya tasu da ta wani. To mene ne tsarin APA da ake ta tsorata ɗalibai da shi, na sa sunan marubuci da shekara a gaban magana, in ba wannan ba? Amana ce: ka mayar da magana ga mai ita, ka ba wanda ke karantawa hanyar da zai bi ya tabbatar. Amma a aji ana koyar da shi kamar dokar waƙafi da aya, a ce ga inda ake sa wannan, ga inda ake karkata rubutu. Yaro ya haddace siffa, bai san dalili ba. Da na yi wa ɗan yayana bayani ta hanyar isnadi, wallahi cikin minti biyar ya kama. Ya ce, "Ashe abin da ake nufi ke nan?"

Sai na bar kundin a gefe, na ce ya ba ni labarin albasa. Nan fa baki ya buɗe. Ya san buhun da ya fito daga Aliero da wanda ya fito daga wajen Kano tun daga launin ɓawo. Ya san watannin da sabuwar albasa ke shigowa farashi ya faɗi, da lokacin da ta ajiya ke ƙarewa ya tashi. Ya san kwana nawa tirela ke yi a hanya, nawa ke ruɓewa idan mota ta lalace ko ruwa ya taɓa kaya, da wanda asarar ke hawa kansa tsakanin mai kaya da dillali. Ya ba ni labarin farkon 2023, lokacin da takardun kuɗi suka yi wuya bayan canza fasalin naira, yadda dattawan da ba su taɓa yarda da tura kuɗi ta waya ba suka koma dogaro da masu POS, da irin rigimar da ake yi idan mai saye ya ce ya tura amma saƙo bai shigo ba. Ya faɗi yadda kuɗin mota ya tashi bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun shekarar. Ya yi kusan rabin sa'a yana magana, da hujja, da misali, yana ma gyara kansa idan ya ga ya yi kuskure a lissafi.

Na ce masa, "Wannan da kake yi shi ne bincike. Abin da ya rage a koya maka shi ne ka tsayar da tambaya ɗaya, ka tattara shaida cikin tsari, ka duba abin da wasu suka riga suka rubuta, sannan ka faɗi abin da ka gano ba ƙari ba ragi."

Legas cike take da tambayoyin da 'ya'yanmu ne suka fi kowa damar amsa su. Yaron da ya tashi a Agege ko Idi-Araba ko Obalende yana jin Hausa, yana jin Yarbanci, yana jin Turancin kasuwa da na makaranta. Zai zauna da mahauci a mayankar Oko-Oba su yi hira a sake, abin da baƙo mai takardar tambayoyi ba zai samu ba. Ɗalibin jami'ar jihar Legas, wato LASU, da ke Ojo, Alaba Rago da aka sani da kasuwar dabbobi tana gefensa. Tun da aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a ranar 1 ga Yunin 2022, ina dubban 'yan Arewa da ke wannan sana'a suka nufa, me suka koma yi, yaya iyalansu suka kasance? Wa ya fi ɗanmu cancantar ya bi sawun wannan, ya rubuta? Amma sai ka ga an tura shi ya rubuta a kan bankin da bai taɓa shiga bayan kantarsa ba, saboda batun tsoho ne, an yi shi sau ba adadi, kuma akwai shi a shirye a kwamfutar mai shago.

Ba malamai nake zargi gaba ɗaya ba. Ina da abokai a cikinsu, na san malamin da aka ɗora wa ɗalibai masu yawa ya duba kundinsu, ga koyarwa, ga gyaran jarrabawa, ga cunkoson hanya safe da yamma, ga albashin da ba ya kai ƙarshen wata. Yajin aikin ASUU na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, kuma a jami'o'in da suka shiga, da aka dawo sai aka riƙa matse zangon karatu don a cim ma lokaci. A irin wannan gudu, abin da ake fara yarwa shi ne wanda ke cin lokaci, wato zama da rubutun ɗalibi layi bayan layi.

Yanzu kuma ga ChatGPT, manhajar da ke rubuta wa mutum abin da ya nema, wanda ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022. Ɗalibi ba ya ma buƙatar zuwa shago, a waya zai haɗa babi na biyu yana zaune a danfo, motar hayar Legas. Manhajar takan ƙirƙiro sunayen marubuta da maƙalun da babu su a duniya, wanda ba a koya wa bin diddigi ba kuwa kwafa zai yi ya wuce. Makarantu da dama sun koma dogaro da Turnitin da ire-irensa don kama satar fasaha. Yana da amfani, amma kamanceceniyar kalmomi yake aunawa, ba ya koya wa kowa tunani. Sakamakon shi ne an samu sabuwar sana'a ta juya jimloli har adadin kamanceceniyar da manhajar ke nunawa ya sauko. Tambayar baki da na yi a kan tabarma, "faɗa mini da Hausa", ta kama abin da na'ura za ta iya bari ya wuce.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. A fara tun aji ɗaya, da kaɗan. A ba ɗalibi maƙala ɗaya ya karanta, ya taƙaita ta a shafi ɗaya da kalmominsa, ya nuna abin da marubucin ya ce da abin da shi yake gani. A aji biyu ya yi hira da mutum biyar a unguwarsu a kan tambaya ɗaya, ya rubuta shafi uku. Muhimmin abu shi ne takardar ta dawo hannunsa da gyara, ya sake rubutawa, domin a sake rubutu ake koyon rubutu. Idan malami ɗaya ba zai iya ba, ɗaliban digiri na biyu da na uku suna nan, a horar da su, a ba su ɗan alawus, kowa ya riƙe rukuni ƙarami. Sabon tsarin manhajar da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Ga wuri nan, in ana so. Kuma a rage girman kundin. Shafi ashirin da yaro ya yi da guminsa, zai iya tsayawa ya kare kowane layi, sun fi saba'in na aro.

Wani zai ce ai ba kowa ne zai zama malamin jami'a ba, yawancinsu kasuwa za su koma ko aikin ofis. Haka ne, kuma shi ya sa ma nake nacewa. Wanda ya saba tambayar "a ina aka samo wannan?" ba zai tura kowace jita-jita da ta faɗo masa a WhatsApp ba, kuma mun san a garin nan abin da jita-jita ke iya haddasawa tsakanin ƙabilu a kasuwa cikin sa'a ɗaya. Ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu kuma suna buƙatar wanda zai rubuta wa gwamnati koke da alƙaluman da ya tattara da kansa, ranar da aka zo da maganar tashi ko ƙarin haraji.

Mu ma iyaye da 'yan uwa muna da namu. Muna tambayar yaushe za ka gama, ba ma tambayar me kake rubutawa. Ba sai ka iya Turanci ba. Ka ce ya yi maka bayani da Hausa, za ka gane ko nasa ne.

Na gaya wa ɗan yayana ba zan sa hannu a wancan kundi ba, kuma shi zai gaya wa mahaifinsa da bakinsa. Ya yi kwana biyu bai kira ni ba. A rana ta uku ya je ya sami malamin da ke duba aikinsa, ya nemi a canza masa batu. Malamin, Allah ya saka masa da alheri, ya yarda, amma ya ce ba zai kare tare da 'yan ajinsu ba, sai rukuni na gaba. Mahaifinsa ya ji zafin abin, mun daɗe muna magana da shi a waya, daga baya ya ce tunda a kasuwa za a yi aikin, shi zai haɗa shi da dattawan layinsu.

Yanzu yana bincike a kan asarar albasa tsakanin lodi a Arewa da saukewa a Mile 12. Bayan sallar Asuba yake zuwa da littafi da biro, lokacin da ake sauke kaya. Ya yi hira da mutum goma sha ɗaya zuwa yanzu. Jiya ya kawo mini shafi huɗu na farko. Turancin akwai tuntuɓe, na yi masa jan biro kusan kowane layi. A shafi na uku ya rubuta cewa yawancin asarar a hanya ake yin ta, na ja layi a ƙasa na rubuta a gefe: wa ya faɗa, mutum nawa? Ya duba littafinsa ya ƙirga, ya ce bakwai ne suka ce haka, huɗu sun ce tun daga wurin ajiya take fara lalacewa. Ya karɓi biron ya soke jimlar da kansa, ya ce gobe zai koma wurin huɗun nan ya ƙara tambayarsu.