Ba kowane ƙari da ya kai huhu ba ne ciwon daji

Da zarar hoton ƙirji ya nuna ƙulluttai a huhun mace, mutane sukan yanke hukunci cewa ciwon daji ne ya bazu. Akasari wannan tsoron yana da dalili, amma ba kullum ba.

Akwai wani yanayi da ba safai ake ganinsa ba, wanda likita Steiner ya fara bayyanawa a 1939. Ƙarin mahaifa, wato faibroid, wanda ba ciwon daji ba ne, ƙwayoyinsa kan bi jijiyoyin jini su sauka a huhu. Yakan bayyana shekaru da dama bayan an yi wa mace tiyatar cire ƙarin ko cire mahaifa. Girmansa a hankali yake, kuma mata da yawa ba sa jin komai. Wasu kan yi tari ko numfashi sama-sama.

Sinadarin estirojin da jikin mace ke samarwa ne ke ciyar da shi, shi ya sa yakan lafa idan mace ta daina al'ada, ko aka ba ta maganin rage sinadarin. Hoto kaɗai ba ya tantancewa. Dole a ɗebi ɗan tsokar a duba ta, kuma mace ta sanar da likita duk tiyatar mahaifar da aka taɓa yi mata, komai daɗewarta.