Ku ƙyale yaron nan haka

Wato har yau bidiyon bikin nan na Gadarif a Sudan kuke ta turawa? Sannunku da ƙoƙari, gwanayen waƙar WhatsApp. Yaro ya riƙe makirfo, mai kiɗan ogan, wato piyanon lantarki, ya zagayo sau uku yana jiransa, baiti ya ƙi fitowa, shi ke nan kun yanke hukunci: wai bai iya ba.

Ya iya. Na ji shi da kunnena a tsakar gidansu, ba sau ɗaya ba. Tsoro ne ya kama shi, kuma tsoro daban, rashin iyawa daban.

Na daɗe ina kiɗa a bukukuwa, daga Kasala har Mai Wurno, kuma har gobe gabana na faɗuwa kafin in ɗora hannu a kalangu. Jiki ne ke sakin sinadarin adirenalin kamar an biyo ka da sanda. Zuciya ta hau bugu, yawu ya ƙafe, numfashi ya tsaya a ƙirji, tafin hannu ya jiƙe. Mawaƙi kuwa da numfashi da yawu yake aiki. A ƙwace masa su biyun, me ya rage?

Wai ai an biya shi. To kuɗi na jiƙa maƙogwaro ne? Wata kuma ta ce sammu aka yi masa. Hajiya, don Allah a bar wannan zance.

Ƙanena, in kana karantawa, da kai nake yanzu. Kada ka sake ɗirkar jabana, wato gahawa, kofi uku kafin ka hau, gahawa ƙara rawar hannu take. Ja numfashi ta hanci, ka sake shi a hankali, fitarsa ta fi shigarsa tsawo. Baitin farko ka maimaita shi har bakinka ya iya faɗarsa ko hankalinka ba ya wurin. Ka buɗe da waƙar da ka fi sabawa da ita, sabuwar ta jira. Ka nemi fuska ɗaya mai fara'a a cikin taron ka yi mata waƙa. Bikin gaba kuma ka karɓa, don gudu ƙara wa tsoro ƙiba yake.

A 1942 A'isha Falatiya, tamu ce, ta zama mace ta farko da ta yi waƙa a rediyon Omdurman, a zamanin da ake ganin hakan abin kunya ne. Yau muna tinƙaho da ita, amma namu na raye muna masa dariya don muryarsa ta yi rawa minti ɗaya. Tsoro ne, jama'a. Tsoro kawai.

Af, shi kuma mai hayar sifikun nan da wayarsa ke katsewa duk daren, babu wanda ya ɗauke shi bidiyo? Ni fa tun bikin bara nake bin sa sauran kuɗina.