Kada mu mayar da sunan jariri tutar ƙungiya

Cikin maiɗakina ya shiga wata na takwas, kuma tun ba a sayi ragon suna ba, maganar sunan da za a raɗa ta fara zagaya dangi. Ni na tashi a gidan Tijjaniyya, inda ake shimfiɗa farin ƙyalle a zauna wazifa kowace rana, ita kuwa mahaifinta yana cikin waɗanda suka karɓi Izala tun bayan da aka kafa ta a Jos a 1978. Wannan bambanci bai taɓa hana mu zaman lafiya ba, sai yanzu da ake jiran haihuwa na ga yadda yake neman shigowa ta ƙofar suna.

Baffana ya kira ni zaure ya ce, "Ɗana, in Allah ya kawo namiji, Ibrahim Inyass za a sa masa, don ya sami albarkar Shehu." Ba a yi mako ba surukata ta aiko ta bakin 'yarta cewa tana fatan a sa Abubakar Gumi. Na san dukansu da kyakkyawar niyya suka yi magana, kuma ina girmama malaman nan biyu matuƙa. Amma na kwana ina tunanin yaron da zai tashi tsakanin gidajen kakanni biyu, wanda duk lokacin da aka kira shi a ɗaya daga ciki za a tuna cewa ɗaya ɓangaren ne ya yi rinjaye ranar suna. Ban ga adalci ba a ɗora wa jaririn kwana bakwai nauyin saɓanin da ya girmi iyayensa.

Addini ya yalwata mana hanya. Ya tabbata a hadisin Muslim cewa mafi soyuwar sunaye a wurin Allah su ne Abdullahi da Abdurrahman, kuma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sa wa ɗansa Ibrahim, sunan Annabi Ibrahim. Ya kuma canza sunayen da ma'anarsu ba ta dace ba, kamar yadda ya mayar da Barra ta koma Zainab. Abin da na fahimta daga nan shi ne ma'ana ake dubawa, da abin da sunan zai jawo wa mai shi a cikin mutane. Shi ya sa nake jin takaici idan na ga ana tsinto suna a intanet don kawai yana da daɗin faɗi, ko a ce ai kalmar tana cikin Alƙur'ani, alhali Fir'auna da Ƙaruna ma suna ciki. Kakanninmu da suke kiran yaro Tanko domin ya biyo bayan mata, ko Gambo domin ya biyo tagwaye, sun san sarai abin da suke faɗa.

Na yarda cewa uba ne yake yanke magana a kan suna, amma macen da ta ɗauki ciki wata tara, ita ce kuma za ta fi kowa kiran sunan nan dare da rana, ba daidai ba ne ta ji shi a bakin maroƙi da safiyar suna kamar baƙuwa. Saboda haka muka zauna ni da ita bayan isha'i, ta ɗauko takarda, muka yi ta rubutawa muna gogewa har muka tsaya a kan Abdullahi in namiji ne, Maryam in mace ce.

A zaman nan ne na gane cewa suna shi ne mafi sauƙi a cikin abin da ke gabanmu. Wace Islamiyya zai shiga? Zan tafi da shi maulidi? Idan ya ga wani kakansa yana sakin hannu a salla, ɗayan kuma yana kamawa, me za mu ce masa? Waɗannan tambayoyi ne da ma'aurata irinmu suke kawar da kai daga gare su har sai yaro ya yi wayo, sannan a fara ja-in-ja a gabansa. Mu dai mun yi alkawari cewa ba za a kafirta ko a zagi wani malami a gidanmu ba, za mu fara masa da kalmar shahada da Fatiha da tsarki da gaskiya, mu umarce shi da salla idan ya kai shekara bakwai kamar yadda hadisi ya zo da shi, kuma duk abin da muka saɓa a kai za mu tattauna shi bayan ya yi barci.

Jiya na koma wurin Baffa na faɗa masa abin da muka yanke. Ya daɗe yana jan carbinsa bai ce komai ba, sannan ya ce Allah ya sauke ta lafiya, ya kuma nemi in bar masa shi ya yi wa jaririn huɗuba. Na amsa masa da to. Surukata kuwa jibi zan je in same ta da kaina.