Shekara 40 da baftisma, har yanzu madara ake sha

Na saurari saƙon muryar nan sau biyu, minti 7 cur, kuma tun daren Lahadi raina bai kwanta ba. Duk wanda ke cikin zauren WhatsApp na ikkilisiyarmu ya ji, wanda ba ya ciki ma an tura masa, har wata 'yar'uwa ta kira ni daga Marwa tana tambaya me ke faruwa da mu a Garwa. Ba zan kama suna ba, ba zan kuma maimaita kalmomin da aka jefi baiwar Allah nan da su ba. Amma zan faɗi abin da ke cina: dattijon ikkilisiya da zai ɗauki waya ya kira gwauruwa ɓarauniya a gaban mutum sama da ɗari, kafin ya tambaye ta ko da kalma ɗaya, jariri ne cikin bangaskiya. Furfurar da ke kansa ba ta canja wannan ba.

Ranar Talata kowa ya ji, kuɗin baikon godiya suna nan, ko dala ba ta ɓata ba. Lissafi ne ya sha bamban tsakanin littafin zumuntar mata da na ma'aji. Yau Juma'a. Ina saƙon neman gafara? Wayar da ta ɗauki minti 7 na zagi ta kasa ɗaukar minti ɗaya na "Mama, ki yafe mini"?

Tun jiya ake ta biyo ni ta bayan fage. Wai Baba babba ne, a rufa masa asiri. To ita wa ya rufa mata? 'Ya'yanta suna zuwa makaranta, ana nuna su da baki. Wai kishin gidan Allah ne ya ɗebe shi. Wai shi ya ba da siminti buhu 20 lokacin da ake ginin majami'a. Allah ya saka masa, da gaske nake faɗa, amma siminti bango yake ginawa, ba ya gina hali. Masu cewa me ya sa na kawo maganar Facebook ban bi Matiyu 18 na fara samunsa a keɓe ba, ku kwantar da hankalinku. Ranar Laraba na je gidansa, na durƙusa na gaishe shi kamar yadda ɗa ke gaida uba, na ce Baba, abin nan bai yi daɗi ba. Ya ce an yi masa baftisma tun ba a haife ni ba. Jiya muka koma da wani dattijo, amsar ba ta canja ba.

Wannan amsar ce ta sa ni rubutu, domin ciwonmu ke nan gaba ɗaya. Mun ɗauka girma cikin Almasihu lissafin shekaru ne, kamar ma'aikacin gwamnati mai jiran ritaya. Marubucin Ibraniyawa, a sura 5, da irinmu yake magana: mutanen da ya kamata a ce sun zama masu koyarwa saboda daɗewarsu, amma har yanzu madara ce abincinsu, ba su iya tauna abinci mai tauri ba. Ku lura, bai ce ba su daɗe ba. Sun daɗe. Daɗewar ce ma abin kunyar. Bulus kuma da ya kira Korintiyawa jarirai, a wasiƙarsa ta fari sura 3, ba don sun rasa baye-baye ba ne. Ikkilisiyar nan cike take da masu annabci da masu harsuna. Hujjarsa ita ce kishi da jayayya, wannan ya ce shi na Bulus ne, wancan ya ce na Afolos. Mu ma ai haka muke, sai dai mun sauya sunaye zuwa na ƙabilu: wannan ɓangaren Tupuri, wancan na Mundang, wancan na Mafa, kowa na jiran zaɓen dattawa ya tura nasa.

Masu bishara daga ƙasar Norway sun sauka Ngaundere tun 1925. Bishara ta kai shekara ɗari a arewacin ƙasar nan ta Kamaru. Muna da majami'u masu bene, muna da ƙungiyoyin mawaƙa masu anko kala-kala, muna kwanan addu'a har asuba. Amma a taɓa mutum kaɗan a kan kuɗi ko kujera, sai ka ga abin da ke ciki ya fito fili. Ku buɗe Galatiyawa 5 ku ƙirga albarkar Ruhu, guda 9 ne: ƙauna, farin ciki, salama, haƙuri, kirki, nagarta, aminci, tawali'u, kamunkai. Ku nuna mini inda aka sa ƙarfin murya, ko yawan azumi, ko zama a kujerar gaba. Yakubu ma, a wasiƙarsa sura 1, ya yanke magana, wanda yake ganin shi mai addini ne amma bai kame bakinsa ba, addininsa banza ne. Aya ta gaba kuwa maganar kula da marayu da gwauraye take yi. Gwauraye fa, 'yan'uwa.

Ni ba ɗan Katolika ba ne, amma duk lokacin da ake maganar girma sai na tuna Baba Simon na Tokombere. Yana cikin firistoci 'yan Kamaru na farko da aka naɗa a 1935, yana da matsayinsa a Duwala, ya bar komai a 1959 ya zo ya zauna cikin mutanen duwatsu da ake raina wa. Ba takalmi yake yawo. Ya rasu a 1975, har yau ana kiransa Baba, kuma ba shi ya roƙi a kira shi haka ba. Hausawa sun ce babba juji ne. Wanda ake zubar wa shara ya shanye, shi ne babba. Wanda ke kwasar shara yana watsa wa marar ƙarfi fa, me za mu kira shi?

Na san zafin abin. Neman gafara a wurin wanda ka girma yana da ɗaci kamar maɗaci, na ɗanɗana, na taɓa yin sati uku ina kewaye ƙofar wani ƙanina a ƙungiyar mawaƙa kafin na iya shiga. Amma a nan ake girman. Ba na ƙin Baban namu, dattijon nan, shi ya koya mini karatun Littafi Mai Tsarki da Hausa ina yaro, shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo. Baba, idan an karanta maka wannan, don Allah ka ɗauki wayar nan, a zauren da ka yi maganar, ka gyara. Magana zarar bunu ce, ba ta komawa, amma ana iya yayyafa wa wuta ruwa. Mama kuwa ta zo sujadar safiyar Laraba, ta share majami'a kamar yadda ta saba, ba ta ce wa kowa uffan ba. Ku da kanku ku faɗa mini wa ke cin abinci mai tauri a tsakaninsu.

Af, tun da ana maganar jarirai. Yaran makarantar Lahadi har yanzu a gindin darbejiya suke zama, a ƙasa, ga zafin Afrilu ya kunno kai, kun san Garwa in ta fara haura digiri 40. Malama ɗaya ce ke fama da su, ƙanana da manya a haɗe. Tabarmi huɗu da randar ruwa kawai ake nema tun watan Janairu. Mai niyya ya same ni bayan sujada, ina bakin ƙofar mawaƙa.