Rabin ƙwayar babba ba shi ne maganin yaro ba

Da yawa sun ɗauka in yaro ya yi zazzaɓi, sai a ɓalla ƙwayar babba gida biyu a ba shi rabi. Ba haka ake auna maganin yara ba. Nauyin jiki ake bi, shi ya sa ma'aikaciyar jinya ke fara ɗora yaro a kan sikeli.

Farasitamol, alal misali: miligiram 10 zuwa 15 ne ga kowane kilo, tsakanin sha da sha awa 4 zuwa 6, kada ya wuce sau 4 a yini da dare. Yaro mai kilo 12, iyakarsa miligiram 180 a sha ɗaya. In ruwan maganin mai miligiram 120 cikin mililita 5 ne, mililita 7.5 ke nan. Rabin ƙwaya mai 500 kuwa 250 ne, ya zarce. A yi ta maimaita haka, hanta ce ke ɗanɗana kuɗarta, kuma ba ta nuna alama da wuri. Cokalin gida ma ba abin dogaro ba ne, wani ya fi wani zurfi. A ja da sirinji mara allura.

Asfirin kuwa ba a ba ɗan ƙasa da shekara 16 don zazzaɓi, yana iya jawo larurar da ke taɓa hanta da ƙwaƙwalwa.

Tsofaffi ma sai an yi hattara. Ƙodarsu ta rage ƙarfi, magani kan daɗe a jini, don haka magungunan rage ciwo irin su ibuprofen da diclofenac na iya lalata ƙodar ko su sa ciki zubar da jini.