Dashen da muka yi a harabar coci, wa ya ba shi ruwa?

'Yan'uwana matasa na zumunta, musamman mu na ƙasar Zuru, ina da magana, kuma da ni da ku duk ta shafe mu.

A daminar bara mun dasa itatuwa a harabar majami'armu. Aka yi waƙa, fasto ya yi addu'a, aka ɗauki hotuna aka sa a Facebook. Da hunturu ya wuce, zafin Maris ya sauka, awaki suka cinye na bakin katanga, sauran suka bushe a tsaye. Babu wanda ya kewaye su da ƙaya, babu wanda ya ɗauko bokiti. Kowace Lahadi muna wucewa ta gefensu mu shiga sujada. Abin yana ci mini rai har yau.

Ku buɗe Farawa 2:15. Da Ubangiji ya sa mutum a gonar Aidan, aiki biyu ya ba shi: ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Noma dai ba a koya wa jikokin waɗanda suka yi golmo, wato noman da samari ke yi wa surukai kafin aure. Kiyayewar ce muka yar. A Littafin Firistoci sura 25 an ce a bar ƙasa ta huta a shekara ta bakwai. A Maimaitawar Shari'a 20:19 an hana sare itace mai 'ya'ya ko da ana tsakiyar yaƙi. To mu da ba yaƙi muke yi da kaɗanya ba, me ta yi mana da muke sare ta don gawayi?

Ku dubi Habasha. A arewacin ƙasar, wajen tafkin Tana, noma da kiwo sun cinye dazuzzuka tuntuni, amma kusan duk inda ka hango kurmi ya yi duhu a tsakiyar fili, akwai cocin Otodoks, tsohuwar ɗarikar Kirista ta ƙasar, a cikinsa. Shekaru ɗaruruwa masu bi suna ɗaukar itatuwan da ke kewaye da ɗakin sujada a matsayin wuri mai tsarki, ba a sa musu gatari. A wasu wuraren jama'a suka haɗa hannu suka gina katangar dutse don kada shanu su tattake ƙananan tsiro. Ba attajirai ba ne, manoma ne kamar iyayenmu. Haƙurin tsare abu suka fi mu.

Sauran ikkilisiyoyi ma ba su yi shiru ba. A 1989 shugaban Otodoks na Istanbul ya keɓe 1 ga Satumba don addu'a saboda halitta. A 2015 marigayi Paparoma Francis ya fitar da wasiƙarsa Laudato Si', inda ya haɗa kukan ƙasa da kukan talaka wuri ɗaya. Yanzu ɗariku da yawa suna ware 1 ga Satumba zuwa 4 ga Oktoba don wannan. A wajenmu lokacin ƙarshen damina ne, daidai sa'ad da dashe ya fara neman mai kula.

Batun gawayi kuwa, ba zan zagi kowa ba. Na san rashin tsaro ya raba mutane da gonakinsu a Danko-Wasagu da Sakaba, kuma buhun gawayi ne ke ciyar da wasu gidaje. Amma kaɗanya takan shafe fiye da shekara goma kafin ta fara 'ya'ya, a wuni ɗaya kuma ake ƙone ta. Iyayenmu mata da ita suke samun man kaɗe, da ɗorawa suke yin daddawa, daga nan baikon da suke kawowa ke fita. In dole sai ka yi gawayi, ka nemi busasshe, ka bar mai 'ya'ya.

Ga roƙona a taronmu na gaba. Kada mu sake dasa ɗari. Mu dasa ashirin, mangwaro da dogonyaro da ɗorawa, kowane ɗaya da sunan mai shi a rubuce a littafin sakatare. Mai shi zai kewaye shi da ƙaya, ya riƙa ba shi ruwa daga Nuwamba har ruwan farko ya sauka. Wanda zai yi tafiya ya damƙa wa wani kafin ya tashi. In an tashi daga babban taro kuma, kada mu bar wa 'yan zumuntar mata tsintar ledar ruwa, mu ne masu ƙarfin sunkuyawa.

Ni na ɗauki ɗorawar da za a sa bayan ɗakin fasto. Ku tambaye ni labarinta a watan Afrilu.